Gurabe 361, Magudanai 14: Yadda Ake Karatun Tsira Allura a Likitancin Gargajiya na Sin

Ɗalibin da ya zaɓi fannin tsira allura a jami'o'in likitancin gargajiya na ƙasar Sin, irin na Beijing da Nanjing da Chengdu, shekara biyar ke gabansa, kuma tun da wuri ake ɗora masa hadda: gurabe 361 a jikin ɗan Adam, kowanne da sunansa da lambarsa, da inda yake, da zurfin da allura za ta shiga, da yadda za a karkata ta. Mai kallo daga nesa haddar yake ji wa tsoro, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai ƙwaƙwalwa yana iya haddace su cikin 'yan watanni. Abin da ke cin shekaru shi ne gano gurbin a jikin mutum mai rai, mai ƙiba ko ramamme, dogo ko gajere, da sanin abin da ke kwance ƙarƙashin fatar wurin. Taswira biyu ɗalibin ke riƙewa lokaci guda: ta gargajiya mai gaya masa inda zai soka, da ta ilimin sassan jiki mai gaya masa inda zai tsaya.

Ta gargajiyar sunanta jingluo. Jing asalinsa zaren tsaye ne na saƙa, luo kuma raga: manyan hanyoyi masu bin tsawon jiki da ƙanana masu gitta su, kamar zare da abawa a hannun masaƙi. Abin da aka ce yana gudana cikinsu shi ne jini da qi, kalmar da ake furtawa kusan kamar "ci" na cin abinci. Ana yawan fassara ta da ƙarfi ko kuzari, amma a tsohon Sinanci ta fi kusa da tururi ko numfashi. Masu wannan ilimi sun ɗauki jiki kamar fadamar noman rani. Muddin ruwa na bin magudanansa, lafiya lau. In ya toshe, can ya yi ambaliya, nan ya bushe. Ciwo a wurinsu toshewa ne, allura kuma buɗe madatsa.

Manyan magudanai goma sha biyu ne, kowacce akwai ta dama da ta hagu. Kafin ɗalibi ya taɓa gurbi ko ɗaya, ƙa'idar tafiyarsu ake so ta zauna masa, don ita ce ke rage nauyin haddar. Shida na hannu ne, shida na ƙafa, kowane shida kuma uku yin ne, uku yang (kishiyoyi biyu ne a tunanin Sinawa: yin ɓangaren inuwa, yang ɓangaren rana). Na yin suna bin cikin hannu da cikin ƙafa, ɓangaren da rana ba ta cika duka ba. Na yang suna bin waje da baya, banda ta tumbi, wadda yang ce amma ta gaban jiki take saukowa. Yin na hannu (huhu, tantanin zuciya, zuciya) daga ƙirji suke tashi su ƙare a yatsu. Yang na hannu (babban hanji, sanjiao, ƙaramin hanji) su karɓa daga yatsu su hau fuska. Yang na ƙafa (tumbi, matsarmama, mafitsara) su gangaro daga kai zuwa yatsun ƙafa. Yin na ƙafa (saifa, hanta, ƙoda) su maido da tafiyar ciki da ƙirji. Wanda ya riƙe wannan ya san inda lamba ta ɗaya take a kowacce. Ta huhu ta fara a saman ƙirji, gurbinta na 11 yana gefen farcen babban yatsa. Ta babban hanji ta karɓa a gefen farcen manuniya, ta hau dantse da wuya, ta ƙare a gefen hanci da gurbi na 20.

Yawan guraben bai yi daidai ba ko kusa. Ta mafitsara 67 gare ta, fiye da rabinsu jere a gefen ƙashin baya zuwa ƙugu. Ta tumbi 45, ta matsarmama 44, ta zuciya da ta tantaninta tara-tara kacal. In aka haɗa sha biyun, 309 ne. Sai wasu biyu masu bin tsakiyar jiki: Du ta baya mai 28 (lambarta GV), da Ren ta gaba mai 24 (lambarta CV). Daga nan 361 ta fito. Sunaye ne 361. Tunda 309 ɗin dama da hagu ne, wuraren da ke jiki 670 ne. Lambobi irin su ST36 da LI4 da ake gani a littattafai haruffa ne daga sunan gaɓar da Turanci, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita don Basine da Bajamushe su san gurbi ɗaya suke nufi.

Akwai tarkon da sabon shiga ke faɗawa a nan. "Saifa" ta wannan ilimi ba saifar da mahauci ke yankowa ba ce. Suna ne na aikin narka abinci da rarraba shi a jiki. "Ƙoda" ta haɗa da ƙarfin haihuwa da ƙashi da tsufa. Sanjiao kuwa, wadda ma'anarta ta yi kusa da murhu uku, ba ta da wata gaɓa da za a nuna da yatsa. Shi ya sa in mai allura ya ce wa mutum ƙodarsa ta yi rauni, ba yana nufin gwajin asibiti zai nuna ciwon ƙoda ba ne, haka kuma mai ciwon ƙoda na gaskiya bai kamata ya ɗauka magana ɗaya ake yi ba.

Taswirar ma ba rana ɗaya aka zana ta ba. A 1973 aka tono rubuce-rubuce a kan siliki daga wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Magudanai goma sha ɗaya ke cikinsu, babu jerin gurabe, babu maganar allura, sai ɗumama fata da wuta. Littafin Huangdi Neijing, wanda har yau shi ne uwar fannin, ya cike su sha biyu, ya kwatanta su da koguna sha biyu na ƙasar, ya ce gurabe 365 ne kamar kwanakin shekara, alhali waɗanda ya ambata ba su kai rabin haka ba. Huangfu Mi a ƙarni na 3 ya tara 349, Wang Weiyi a 1026 ya kai su 354, Yang Jizhou a 1601 ya kai 359, sai farkon ƙarni na 19 aka tsaya a 361. Mai lura zai ga cewa lissafin koguna da kwanakin shekara ya sa hannu a taswirar kamar yadda taɓa jikin marar lafiya ya sa.

Wang Weiyi ne a 1027 ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, girman mutum, an huda ƙaramin rami a kowane gurbi. Yadda aka ruwaito, ranar jarrabawa sai a shafe jikin da kaki har ramukan su ɓace, a cika cikinsa da ruwa, wasu suka ce zaiba. A kira wa ɗalibi sunan gurbi. In ya dace, allura ta shige, ruwa ya tsatso. In ya kauce, sai ta ci karo da tagulla. Dabara ce mai kyau, sai dai tagulla ba ya ƙiba, ba ya ramewa.

Awon da ba na tef ba

Ma'aunin fannin ana rubuta shi cun, ana furta shi kusan "tsun". Ba santimita ba ne, ba inci ba ne. Rabo ne na jikin wanda ake aunawa. Daga layin gwiwar hannu zuwa layin wuyan hannu tsun 12 ne, ko a jikin jariri ko a jikin ɗan dambe. Daga layin bayan gwiwa zuwa idon sawu na waje 16. Daga ƙahon zuci zuwa cibiya 8, daga cibiya zuwa saman ƙashin mara 5. Tsakanin kan nono biyu 8. Daga tsakiyar ƙashin baya zuwa gefen allon kafaɗa 3. A lura da ciki: tsun na sama da cibiya da na ƙasa da ita ba lallai su zo tsawo ɗaya ba a jikin mutum guda, don kowane yanki da nasa rabon. Wanda ya auna na sama ya ɗauko shi ya yi aiki da shi a mara ya kauce.

Akwai awon gaggawa da yatsu: faɗin babban yatsa a gaɓarsa tsun ɗaya, yatsu huɗu a haɗe tsun uku. Sharaɗin shi ne yatsun marar lafiya, ba na mai allura ba. Kuma gajeriyar tazara kawai yake yi wa amfani. Gurbin LU6 yana tsun 7 sama da wuyan hannu. Wanda ya bi shi da yatsu, huɗu, huɗu, ɗaya, kuskurensa na taruwa ne a kowane ɗorawa. Abin da ake koyarwa shi ne a raba hannun gida biyu a sami 6, a ƙara ɗaya. Wasu malamai kan ba ɗalibi roba mai talewa da aka yi wa zane sha biyu daidai wa daida, ya kafa bakinta ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a wuyan hannu, zanen ya buɗe ko ya tsuke gwargwadon mai hannun.

Mu ɗauki Zusanli, ST36, wanda da wuya a yi yini a ɗakin allura ba a soka shi ba. A lanƙwasa gwiwa. Ƙasa da ƙoƙon gwiwa akwai loko biyu, dama da hagun agarar da ta sauko daga ƙoƙon. Na wajen shi ne ST35, sunansa Dubi, hancin maraƙi, kuma in ka dubi gwiwar da lokon biyu za ka ga dalilin sunan. Daga nan a sauko tsun uku. Sai a lalubo kaifin ƙashin ƙwauri, a matsa waje da faɗin yatsa ɗaya, a faɗa cikin tsoka mai taushi. In an danna, mai ƙafar yakan ji wani tsami mai zurfi. Kurakuran nan uku ne kusan kullum: a auna ƙafa na miƙe, lokon ya shafe, a fara daga lokon ciki, ko a manne da ƙashin har allura ta daki ƙwauri. Ana shigar da ita a tsaye, tsun ɗaya zuwa biyu, kuma can ƙasa akwai jijiyar jini da jijiyar saƙo masu sauka zuwa bayan ƙafa.

Neiguan, PC6, ya fi shi ƙanƙanta da tsukuku. Tsun biyu sama da layin wuyan hannu, ta ciki, tsakanin agara biyu. A sa mutum ya dunƙule hannu ya ɗan lanƙwaso shi, agarar su fito. Sai dai wasu mutane an halicce su babu ɗaya daga cikin biyun, wadda ta fi kusa da tsakiya, ɗalibi ya yi ta lalube yana neman abin da babu. A irin wannan hannu, ana kama wadda ke ɓangaren babban yatsa a sauka gefenta na ciki. Kai tsaye ƙarƙashin gurbin babbar jijiyar saƙo ce mai zuwa yatsu. In mutum ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi zuwa yatsa, ba nasara ba ce, jijiyar aka taɓa. A ɗan janye allurar, kada a juya ta.

Kada a ɗauka masana sun yi ittifaƙi a kan kowane gurbi. Da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suka zauna daidaita wuraren ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun tarar sun saɓa a kan 92. Littafin da ya fito a 2008 ya sasanta 86, ya bar shida da wuri bibbiyu, cikinsu har da GV26 na ƙarƙashin hanci.

A aikace ba wanda ke amfani da 361 ɗin daidai wa daida. Rukuni-rukuni ake koyonsu. Kowace magudana cikin manyan sha biyun tana da gurabe biyar daga yatsa zuwa gwiwa, waɗanda aka yi wa laƙabi da girman ruwa: rijiya, maɓuɓɓuga, ƙorama, kogi, teku, sittin ke nan. Akwai sha biyu a gadon baya, tsun ɗaya da rabi daga tsakiya, kowanne da gaɓarsa, da wasu sha biyu a ƙirji da ciki. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida ta gurabe huɗu da kowane ɗalibi ke rerawa: ciki a nemi ST36, baya da ƙugu BL40 na bayan gwiwa, kai da ƙeya LU7 na kusa da wuyan hannu, fuska da baki LI4 na tsakanin babban yatsa da manuniya. Sai waɗanda ba su cikin lissafi sam, ashi, sunan da ake dangantawa da likita Sun Simiao na zamanin daular Tang: duk inda aka danna marar lafiya ya ce "yauwa, nan ne", nan ɗin gurbi ne.

Allurar kanta ta baƙin ƙarfe ce marar tsatsa, ba rami a cikinta, kaurinta galibi milimita 0.25 ko 0.30, tsawonta 25, 40 ko 75. A nan ma akwai rikici: masu sayarwa na kiran mai 25 "tsun ɗaya", mai 40 "tsun ɗaya da rabi", alhali wannan awo ne tsayayye, ba na jikin marar lafiya ba. Ɗalibi ba ya fara ta a kan mutum. Takarda mai laushi ake ninkewa ta yi kaurin santimita biyu zuwa uku, a ɗaure da zare, ya yi ta soka yana murzawa har yatsunsa su iya tura siririyar allura ba ta lanƙwashe ba. Daga nan dunƙulen auduga, sannan ƙafarsa, sannan abokan ajinsa. Abin da ake nema in ta shiga sunansa deqi: mai jiki ya ji tsami, ko sagewa, ko cika, ko nauyi. (Kalmar Sinanci ta na farkon, suan, ita ce ta tsamin lemo, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa jikinsa ya yi tsami.) Shi kuma mai allura yakan ji an ɗan riƙe ta, kamar kifi ya taɓa fatsa. Akan bar ta minti 20 zuwa 30.

Me bincike ya tarar?

Magudanan dai ba a gan su ba. An feɗe gawa, an duba da madubin likita, ba a sami wani bututu ko zare da ya bi layukan nan ba. Abin da aka tabbatar shi ne allura na taɓa jijiyoyin saƙo da tsoka, kuma jiki na sakin sinadaran rage zafi nasa na kansa. Masanin kimiyya Han Jisheng na Beijing ya nuna cewa in aka haɗa allura da lantarki, bugu 2 a daƙiƙa da bugu 100 ba sinadari ɗaya suke saki ba.

Tambayar da ta fi cizon ɗalibi ita ce: dacewa da gurbin na da tasiri? A Jamus an gwada mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, sakamakon ya fito a 2007. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar gaskiya sun sami sauƙi. Waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, kashi 44.2. Masu magani da motsa jiki na asibiti, 27.4. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi: masu allura suka ce ta doke magani, masu suka suka ce ko ina ka soka ɗaya ne. Inshorar lafiya ta Jamus ta karɓi biyan kuɗinta a ciwon baya da ciwon gwiwa da suka daɗe. A Ingila hukumar NICE, mai ba asibitoci shawara kan hanyoyin magani, ta ce a daina ta a ciwon baya a 2016, sannan a 2021 ta ce ana iya gwada ta a daɗaɗɗen ciwon da ba a gano sababinsa ba. Inda shaida ta fi tsayawa ke nan: ciwo mai daɗewa, ciwon kai, da tashin zuciya bayan tiyata, inda PC6 ya yi suna. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ciwon sukari da daji ba hurumin allura ba ne.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Inda milimita ke da muhimmanci ba tare da gardama ba shi ne wajen haɗari. Malaman Sin na da karin magana: baya siriri ne kamar gurasa, ciki zurfi kamar rijiya. A wasu wurare na ƙirji da gefen allon kafaɗa, huhu na iya zama milimita 10 zuwa 20 kacal daga fata, ga allura mai 25 ko 40 a hannu, ga yatsa ya danne naman ya ƙara rage tazarar. Shi ya sa guraben saman baya a karkace ake shigarsu, bakin allura na fuskantar ƙashin baya, ba a wuce tsun 0.5 zuwa 0.8. Jianjing, GB21, rijiyar kafaɗa, yana tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙashin da ya fi tsini a gindin wuya da ƙarshen kafaɗa, kuma kan huhu na ƙarƙashinsa. CV17 na tsakiyar ƙirji a kwance ake shigarsa, domin kusan mutum biyar cikin ɗari an haife su da ɗan rami a ƙashin ƙirji daidai wurin, bayansa kuma zuciya ce. GV15 da GV16 na ƙeya ba a nufar sama da su, saboda tushen ƙwaƙwalwa. Cibiya da kan nono ba a soka su sam.

Rijiyar cikin ma ba a sake jiki da ita. Kafin a soka mara sai mutum ya yi fitsari, don cikakkiyar mafitsara tana tasowa. Ƙarƙashin haƙarƙari sai an lalubi hanta da saifa, kuma wannan ya fi zama dole a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ke kumbura saifa har ta sauko inda littafi bai sa ta ba. Mai juna biyu ana kauce mata LI4 da SP6 na sama da idon sawu na ciki da GB21 da mara da ƙugu. Mai shan maganin tsinka jini sai ya faɗa tun farko.

A wani babban bincike a Jamus mai mutum 229,230, kashi 8.6 cikin ɗari sun sami wata matsala, mafi yawa ɗan jini ko taruwarsa ƙarƙashin fata, mutum biyu kuma huhunsu ya huje. Wannan a hannun likitoci ne masu horo. Abin da aka fi gani a ɗaki shi ne suma: mutum ya zo da yunwa ko tsoro, aka yi masa a zaune, sai gumi, jiri, tashin zuciya. A cire alluran duka, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, in ya dawo a ba shi ruwan ɗumi mai sukari. Allura kan maƙale in an yi ta murza ta gefe ɗaya har zaren nama ya nannaɗe ta. A mayar da murzar baya, a shafa gefen wurin, kada a fizga. Ba a tura ta har gindi, don a mahaɗar jiki da mariƙi take karyewa, kuma in da saura a waje ana iya kamo ta. Allura sau ɗaya ake amfani da ita a jefa cikin akwatin ƙarfe ko roba mai kauri. Dalilin da ya sa ake son wanzami ya canza reza shi ne dalilin nan, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau.

Ana ƙirga alluran da aka shigar, a rubuta, a sake ƙirgawa wajen cirewa, don ta cikin gashi da ta bayan gwiwa na ɓacewa. Wanda aka soka wa ƙirji, kafaɗa ko saman baya kuma sai an gaya masa kafin ya fita: hujewar huhu ba lallai ta nuna nan take ba, tana iya ɗaukar sa'o'i. In ya ji sukar ƙirji, busasshen tari ko numfashi na yi masa wuya, asibiti zai nufa a ɗauki hoton ƙirji, ya kuma faɗa musu inda aka soka allurar.